Gonar da Ta Fi Ruwa Tsayi

Ni ne na zana taswirar, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sunana yana can ƙasa ta hannun dama, da hatimin ofis a gefensa, har na ja masa layi biyu don kada mai dubawa ya wuce bai lura ba.

A lokacin shekarata biyu ke nan a ofishin kula da noman rani. Kafin nan shekara tara na yi a aikin titi, inda aka cusa mini abu ɗaya a ka har ya zauna daram: ƙasar da aka zuba ba a danne ta ba, wata rana sai ta kunyata ka. Da aka dawo da ni ɓangaren ruwa sai aka ba ni tebur kusa da taga, da fanka mai kallon bango, da kuma matsalar masu haƙar yashi.

Matsalar ita ce, a ƙarƙashin gonakin da ke bin babban kanal akwai yashi mai kyau, irin wanda magina ke rububi a kansa. Masu tifa sun gano haka, suna ta ci daga gefe, kullum ramin yana ƙara matsowa. Saura kaɗan su kai gindin bangon kanal ɗin, in kuwa bangon ya zube, gonaki ɗari huɗu ne za su rasa ruwa. An kore su sun dawo. An kafa allon gargaɗi, suka mai da shi wurin shanya riguna.

Ranar wata Litinin Darakta ya tara mu a ofishinsa. Mutum ne mai son taro, mai son a rubuta abin da ya faɗa. Ya ce, "Tunda hana su ya gagara, sai a tsara musu. Wa zai ɗauki aikin nan?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Ni na ɗaga hannu. Har yau in na tuna sai in dubi hannun nan in tambaye shi abin da na yi masa.

Sati uku na yi ina zane, kuma gaskiya zanen ya yi kyau. Na ja jan layi mita hamsin daga bakin kanal, na ce daga nan zuwa ruwa ko cokali ba za a sa a ƙasa ba. Bayan layin sai a zaɓi gona ɗaya, a kwashe baƙar ƙasar sama wadda ita ce ran gona, a tara ta gefe. A haƙi yashi zurfin mita biyu, masu tifa su ɗiba son ransu. Sannan a cike ramin da jar ƙasar da ke jibge tun lokacin da aka haƙa kanal, a mayar da baƙar ƙasar a kai, a miƙa wa manomi gonarsa. Duk wannan a cikin wata ukun da ake rufe ruwa don gyara. Mai tifa ya sami yashi, manomi ya sami kuɗin haya da gonarsa, kanal ya tsira. Da na gama sai na jingina da kujera ina mamakin yadda aka yi shekaru babu wanda ya kai ni tunani.

Muka kira manoma a rumfar ƙungiyarsu, na manna taswirar a bango, na yi bayani har muryata ta dushe. Da na ce wa zai fara ba da gonarsa, sai wani da ake kira Dogo ya miƙe. Ni da shi muna da tarihi, don a bara ni na ƙwace masa injin ban-ruwa da ya kafa a bakin kanal, bisa dokar da ni ma na taimaka aka rubuta.

Ya ce, "Injiniya, wallahi a takardar nan ramin ya cike da kyau. Ko ni sai da na ji sha'awa."

Aka fashe da dariya, taro ya watse. Na naɗe taswirata ina faɗa a raina, jahilci dai ba shi da magani.

Daga nan gidan Yaya na nufa. Ita ce babbarmu, ni ne auta, kuma a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ta yi mini wanka, ita ta raka ni makaranta ranar farko, ita ta zane ni ranar da na gudu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku da gona rabin eka a layi na biyu daga kanal, daidai bayan jan layina, kafaɗa da kafaɗa da gonar Dogo. Tumatir take nomawa, kuma da shi gidan yake ci, yake sha, yake sa sutura.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe taki a kan buhu. Na shimfiɗa mata taswirar a kan tabarma, na ɗora takalmina a kusurwa ɗaya don kada iska ta ɗaga. Ta saurare ni har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Auta, ni ban iya karatun layukan nan ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da aka buɗe ruwa, dashena zai shiga ƙasa?"

"Ranar, Yaya. Ba washegari ba."

"Ka san gonar nan ita ce uwata ita ce ubana."

"Zan dawo miki da ita ta fi yadda take. Ni zan tsaya a kai da kaina."

Ta ɗan dube ni, irin kallon da take yi mini in na ce na yi wanka alhali ƙeyata a bushe. Sannan ta ce, "To je ka yi. Su Dogo su ga cewa ba a banza na yi ta wanke maka rigar makaranta ba."

Na fito ina jin kaina kamar na ƙara tsawo. Alƙawarin tsayawa a kai da kaina kuwa na cika shi, kuma da ban cika ba da abin ya zo da sauƙi.

Aiki ya tafi kamar yadda aka zana. Ɗan kwangila ya kawo katafila da direbanta, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tawul a wuya da ba a taɓa kiransa da komai ba sai Mai Katafila. Ya kwashe baƙar ƙasar a hankali ya tara ta gefe, na sa aka lulluɓe ta da ciyawa don kada rana ta ƙone ta. Tifofi suka yi layi, sati shida suna ɗiba. Ni kuma kullum ina bakin ramin da hular kwano da na'urar awo mai ƙafa uku, ina leƙawa da ido ɗaya ina rubutu. Ko babu abin aunawa nakan leƙa, musamman in na hangi manoma suna wucewa.

Da aka zo ciko sai tsohon jinina na titi ya motsa. Tifa ta juye jar ƙasa, Mai Katafila ya baje, ya juya zai koma, na ɗaga masa hannu.

"Sake bi ta kai."

Ya sake bi.

"Ƙara."

Kowace shimfiɗa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma kowacce sai ya bi ta kanta sau shida, bayan na sa tankar ruwa ta yayyafa. A rana ta uku ya kashe injin, ya leƙo daga sama yana goge wuya.

"Injiniya, don Allah in tambaya mana. Titi muke yi ko gona?"

Na yi masa murmushin da masu takarda ke yi wa marasa ita. Na ce, "Aiki muke yi mai inganci. Ba na son bayan shekara a ce gonar yayata ta lotsa."

Ya ce, "To, kai ne mai awo," ya tayar da injinsa.

A nan ne na ƙara wata basirar. A littafin gyaran ƙasa da ke kan teburina an rubuta cewa sabon ciko yakan zauna da kansa, yakan sauka kashi ɗaya cikin goma, don haka mai hankali yakan ƙara tudu tun farko. Ramina mita biyu ne, kashi ɗaya cikin goma santimita ashirin ke nan. Na ɗauki jan biro na ƙara santimita ashirin a kan kowane turken awo. Littafin bai yi ƙarya ba, kuma abin da na koya a titi shi ma ba ƙarya ba ne. Littafin yana magana ne a kan ƙasar da aka zuba aka bari sakwaf. Ni kuma na danne tawa har ta koma kamar daɓe, sannan na ba ta wurin sauka. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abu biyun nan ba sa shiga tukunya ɗaya.

Muka gama saura kwana huɗu a buɗe ruwa. Wallahi gonar ta yi kyau. Baƙar ƙasa shimfiɗe sumul, kusurwa huɗu cif, ba rami ba tudu. Darakta ya zo da mai ɗaukar hoto, ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu, ya sa ni na tsaya a gefensa riƙe da taswira a buɗe kamar yanzu muke nazarinta. Ya ce za a gayyato manya su zo su gani, wannan shi ne abin koyi. Kafin sati ya ƙare hoton yana rataye a bangon ofis.

Yaya ta zo da yamma ta zagaya gonar da ƙafa. Ta tsuguna ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta gyaɗa kai. Sai ta je bakin ƙaramar kwatar da ke kawo ruwa daga kanal zuwa layinsu, ta tsaya a ciki ta dubi gonar, ta hau gonar ta dubi kwatar.

"Auta, da can in zan shiga gonar nan daga kwata, gangarawa nake yi. Yau kuma na ji ina hawa."

"Za ta zauna, Yaya. Lissafi ne."

"To," in ji ta. "Tunda lissafi ne."

A bayan gidanta kuwa irin tumatir ɗinta yana nan a gadajen reno guda shida, kore shar, ta shuka shi da lissafin ranar dashen da na ba ta. Kwanansa ashirin da ɗaya. Tumatir in ya kai wata a gadon reno ba a dasa shi ba sai ya miƙe ya yi siriri, ya fara fure a tsaye, daga nan ko an dasa wahalar banza ce. Wannan kowa ya sani, har ni.

Ranar buɗe ruwa na sa farar riga. Manoman layin duka sun fito da fartanyoyinsu, kowa yana bakin gonarsa. Tsohon da ke kula da ƙofar ruwa, Baba Mai Ƙofa, ya sa makullinsa ya fara murɗa ƙarfen, ƙofar ta ɗaga tana ƙara. Ruwa ya shigo kwata da kumfa da karmami a gaba, yana tafe a hankali. Ya kai gona ta farko ya shige. Ya kai ta biyu ya shige. Ya kai ta Dogo ya faɗa kamar gidan ubansa.

Ya kai bakin gonar Yaya. Ta riga ta sare masa hanya da fartanya, ta ja gefe tana jira. Ruwan ya shiga 'yar hanyar kamar kamu ɗaya, ya tsaya, ya yi ɗan juyi a wurin, sannan ya koma kwata ya ci gaba da tafiyarsa zuwa gonar gaba.

Na ji zufa tana gangarowa ta cikin farar rigata.

Na ce, "Bai gama cika ba ne. A ɗan jira."

Aka jira. Kwata ta cika maƙil, ruwan bai hau ba. Na sa aka datse kwatar daga ƙasa da buhunan yashi don ruwan ya taru ya ɗaga. Ya taru kuwa, ya ɗaga, sai ya ɓalle ta ɗaya gefen ya malale cikin gonar Dogo ya shafe masa kunya uku. Dogo bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na ji daɗi. Ya dai sa fartanya ya buɗe datsiyar, ya ce, "Injiniya, nawa ya ishe ni haka, na gode."

Na aika aka ɗauko na'urar awo, wannan karon da dalili. Na leƙa, na rubuta, na sake leƙawa. Gonar ta fi tsayinta na asali da santimita goma sha takwas, ta haura saman ruwa. Wato a cikin ashirin ɗin da na ba ta, biyu kacal ta ga damar sauka. Da titi ne da an ba ni lambar yabo, don tirela za ta shekara hamsin tana bi ta kan gonar Yaya ba ta lotsa ba.

Dogo ya matso ya tsaya kusa da ni, fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce, "Da akwai inji, da cikin awa biyu an jiƙa ta. Ni ma ina da wani da can. Ban san inda yake ba yanzu."

Na san inda yake. Yana ɗakin ajiyar ofis, da lamba a jikinsa da rubutun hannuna. Na juya wajen Baba Mai Ƙofa da ido, ko zai ce a yi shiru a kafa injin na kwana biyu. Tsohon ya girgiza kai tun kafin in buɗe baki.

"Ɗana, in na bar ɗaya yau, gobe arba'in za ka tarar, na ƙarshen layi kuma su sha ƙura. Kai ka karanta mana dokar nan a rumfa. Har ka maimaita."

Na maimaita kuwa, na tuna.

Sai na naɗe ƙafar wando, na karɓi bokiti biyu. Ban san me nake son nunawa ba, ko wa nake nuna wa. Na yi ta ɗiba daga kwata ina hawa santimita goma sha takwas ɗina ina zubawa. A bokiti na talatin bayana ya riƙe, wurin da na jiƙa kuma bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Rabon ruwan layin awa uku ne duk bayan kwana huɗu. Baba Mai Ƙofa ya duba agogo ya murɗa ƙarfensa, kwata ta fara ja da baya.

Yaya ta zo ta karɓi bokitan daga hannuna. Na jira faɗa, na ma shirya masa, don na san bakinta. Ba ta yi ba. Ta ce, "Rigarka ta ɓaci. Je ka gida ka canza." Ta saɓa fartanyarta ta tafi, ba ta ko waiwayi gonar ba. Da ta zage ni a gaban mutanen nan da ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Washegari na tarar da fom ɗin kammala aiki a kan teburina. In na sa hannu, ɗan kwangila ya ɗora katafilarsa a tirela ranar Alhamis ya tafi wani aikin mai nisa, shi ke nan. A ƙasan fom ɗin akwai gida uku, ɗaya ake so a yi wa alama. Na farko, aiki ya kammala yadda ake so. Na biyu, akwai gyara saboda kuskuren ɗan kwangila. Na uku, akwai gyara saboda kuskuren zane. A shekara goma sha ɗaya da na yi ina aikin gwamnati ban taɓa ganin wanda ya taɓa gida na uku ba, har na ɗauka ado ne.

Gyaran kansa a fili yake. Ba za a kankare saman kawai ba, don saman shi ne baƙar ƙasar, in aka kwashe ta an bar wa Yaya daɓe. Sai an sake ture baƙar ƙasar gefe, a yanke jar, a farfasa abin da na danne, sannan a mayar. Aikin katafila ne, kuma katafila ba ta motsi sai da takarda.

Ba zan ɓoye ba, biro ɗina ya fi minti goma yana shawagi a kan gida na biyu. Wa zai bincika? Sai in ce direba ya wuce awo. Ɗan kwangila ya yi gyara da aljihunsa, ya huce a kan direbansa, ni kuma hotona ya ci gaba da zama a bango. Har na fara tsara jimlar a kaina, kuma ta fito da kyau, don na iya rubutun ofis.

Na ɗaga kai sai na hango Mai Katafila ta taga, zaune a kan bencin baranda yana jiran takardar, tawul ɗinsa a gwiwa. Ya ga na gan shi, ya taso ya leƙo.

"Injiniya, na ji abin da ya faru. Allah Ya kyauta. Ni dai duk abin da za ka rubuta, ka san yadda ka ce haka na yi. Sau shida-shida."

Na ce na sani. Ya koma bencinsa. Na yi alama a gida na uku, na rubuta bayani a ƙasa, kuma ban taɓa rubuta gajeren bayani irinsa ba.

Darakta ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa.

"Wa ya yi zanen?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya duba aikin?"

"Ni ne."

"Wa yake ƙarar mai zanen?"

"Ni ne dai."

Ya dube ni kamar wanda ya ga akuya tana kai kanta mahauta. "Ka san na riga na aika wa manya takardar gayyata? Ba za a iya cewa gonar tana hutawa ba ne bana? Ai ana hutar da gona."

Na ce, "Ta yayata ce, ranka ya daɗe. In ta huta, gidan ba zai ci abinci ba."

Ya tashi da kansa ya sauke hoton daga bango, ya jingina shi a bayan kabad fuskarsa na kallon bango. Ya ce tunda kuskuren ofis ne, ofis ne zai biya gyara, kuma ofis ba ya biyan komai sai hedikwata ta amince. A rubuta, a aika, a jira. Ya ƙara da cewa daga yau in koma lissafin ƙofofin ruwa, kada in sake kusantar yashi ko a bakin rafi ne.

Na bi takardar nan kamar mai bin mara lafiya a asibiti. Daga tebur zuwa tebur, daga bene zuwa bene. Na gaida masinjoji da sunan 'ya'yansu, na riƙe wa wata sakatariya jaka har bakin mota. A ofishin da takarda kan yi wata uku, tawa ta fito a kwana goma sha ɗaya, kuma na ji alfahari da hakan, ku dubi halin ɗan Adam.

A duk kwanakin nan ban taka gidan Yaya ba. Nakan ce wa kaina aiki ne ya riƙe ni. Gaskiyar ita ce ba na son in shiga in hangi gadajen renon nan shida a bayan gida, don ko ban gani ba ina ƙirga musu kwana a raina. Na ce sai na zo da wani abu a hannu.

Ranar da takardar ta fito ban ko koma ofis ba. Na hau babur na nufi gidanta kai tsaye, takardar tana aljihun gaba ina taɓa ta a hanya. 'Yarta ta ce tun da safe ta fita gona. Na leƙa bayan gida, gadajen babu komai sai ramukan da aka tuge iri. Na ce a raina ko ta sami wata dabarar ne.

Na iso layinsu rana ta take. Gonar Yaya tana nan yadda na bar ta, sumul, a bushe, ba ko tsinke a kai. A gonar Dogo kuwa ruwa ne kwance tsakanin kunyoyi, ga mata su bakwai a jere sun duƙa suna dashe, irin matan da ake ɗauka aikin yini a sallame su da yamma. Shekara ashirin Yaya tana ɗaukar irin matan nan aiki a gonarta, ita ke tsayawa a bakin kunya tana nuna musu tazara. Na duba bakin kunya ban gan ta ba. Sai da ta huɗu a layin ta ɗago ta dafa ƙugu sannan na gane ɗankwalin.

Dogo ya taso daga inuwa ya tare ni, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Irin ya kusa wucewa, ta ce gara ya shiga ƙasar wani da ya mutu a tsaye. Na ce ta kawo kawai ta koma gida, ta ce ba ta iya zama ba, in sa ta a layi kamar kowa. Na rasa yadda zan yi da ita."

Na shiga gonar da takalmina, na bi ta cikin taɓo har inda take, na zaro takardar na buɗe.

"Yaya, an amince. Ga hatimi. Jibi katafila za ta dawo, sati biyu an gama. Wannan karon da kaina zan..."

Na haɗiye sauran. Ta goge hannunta a zane, amma ba ta karɓi takardar ba, ta dai leƙa ta daga nesa don kada ta ɓata ta da laka. Fuskarta ta faɗa, idonta ya yi ja saboda rana. A ɗaya hannun tana riƙe da damin irin da ta rena da kanta, dogaye sirara, wasu har sun fara fitar da fure.

Ta ce, "Madalla. Ka yi ƙoƙari."

Sauran matan sun riga sun yi gaba da taku uku, ta dube su ta ga an bar ta a baya. Ta sake duƙawa, ta soka yatsa a taɓo za ta sa iri, sai ta tsaya tana kallon ƙafata.

"Ɗaga ƙafarka, Auta, kana taka musu dashe," in ji ta a hankali. "Nan ba gonarmu ba ce."